"Lady" a takardar shirin taro ta Hausa: me zan rubuta? Laraba zan kai wa mai bugu

Sakataren_Iyaye:
Assalamu alaikum jama'a. Makarantar unguwarmu a Sabon Garin Zariya za ta yi bikin yaye ɗalibai Asabar ta sama, kuma za a karrama wata baiwar Allah, Ibo ce, Kirista, wadda ta haƙa wa makarantar rijiyar burtsatse. A wasiƙar da ta aiko ta rubuta Lady, sai sunanta, sai sunan mijinta marigayi, sai haruffa uku, LSM. Takardar shirin taro kwafi 300 ce, shafi 8, gefe Turanci gefe Hausa, ga allon karramawa guda ɗaya. Gefen Hausa ne ya tsayar da mu. Hedimasta ya ce a sa Uwargida, shugaban kwamiti ya ce Madam, mai bugu ya ce shi Hajiya ya saba sa wa duk macen da ta ba da kuɗi. Me zan rubuta, kuma me mai gabatarwa zai faɗa a lasifika?

BabanKhalifa:
Wa alaikumus salam. Sa Hajiya ka huta Malam. Ba macen da ke fushi da Hajiya.

Maman_Ilham:
BabanKhalifa, ka karanta kuwa? Ya ce Kirista ce. Hajiyar me za ka ba ta, da kujerarka ta je?

Malamin_Turanci:
Kafin a fassara kalma sai an san tushenta. A tsohon Turanci kalmar haɗi ce ta abu biyu, burodi da mai kwaɓawa, wato mai kwaɓa burodin gida. Lord kuma mai tsaron burodi. Ashe tun asali maigida da uwargida ake nufi, masu ciyar da mutanen gida. In ana son kalmar da ta yi daidai da ma'anar mulki da mallaka, muna da ita: uwargijiya, macen ubangiji. Amma kada ka kuskura ka buga ta a takardar makaranta, za a ce bayi gare ta. Hedimasta ya fi kowa kusa da gaskiya.

Sai dai akwai kuskure a yadda matar ta rubuta nata. A ƙa'idar Ingila, matar wanda aka ba Sir ba ta sa sunanta na yanka. Lady ce da sunan dangin miji kawai. Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya a jaridar Times a 1897, da ta auri Lugard a 1902 sai ta zama Lady Lugard, ba Lady Flora ba. Wadda ake haɗa wa Lady da sunan yanka 'yar babban basarake ce, mai muƙamin duke ko marquess ko earl. Diana ta zama Lady Diana Spencer ne a 1975 da mahaifinta ya gaji sarautar earl. Irin wannan a Hausa Gimbiya ta fi dacewa da ita. Mace kuwa da aka karrama da kanta, ba ta hanyar miji ba, Dame ake ce mata, kuma mijinta ba ya samun komai. In Sir ya rasu matarsa tana riƙe Lady ɗinta muddin ba ta sake aure ba.

Katikis_Zonkwa:
Malam, da girmamawa, duk wannan na fadar Ingila ne. Amsar tana cikin haruffa ukun da ba wanda ya kula da su. LSM na nufin ƙungiyar matan jaruman Saint Mulumba a cocin Katolika, ita kuwa ƙungiyar mazan, KSM, wani limamin coci, Anselm Ojefua, ne ya kafa ta a 1953. Mazan suna sa Sir a gaba da KSM a baya, matansu Lady a gaba da LSM a baya. Anglika da Methodist ma suna da nasu jaruman. A nan ƙasar da sunan yanka ake haɗawa, kuma ba jiya aka fara ba. Ko matan waɗanda fadar Ingila da kanta ta ba Sir, ai Lady Oyinkan Abayomi da Lady Kofo Ademola aka san su.

Shawarata Malam Sakatare, kada ka fassara. Ka kwafe daidai yadda ta rubuta, harafi da harafi, har da LSM, a gefen Turanci da na Hausa da kan allon. In ka cire kalmar ka sa Uwargida, ka mai da ita matar aure kawai, ka share matsayin da cocinta ya ba gidanta, kuma 'yan ƙungiyarta da za su rako ta shi za su fara dubawa.

Ɗan_Auta:
To mai gabatarwa ya yi hattara da bakinsa, kar ya ce Ladi. Duk 'yan Lahadin da ke wurin za su miƙe karɓar allo.

Mai_Bugu_Kaduna:
Ɗan_Auta kai kana dariya. Wannan Ladi ɗin ita ta rufe shagon wani maƙwabcinmu a sana'a. An kawo masa shirin bikin aure kwafi 1,000, mai launi huɗu gaba da baya, jerin iyayen biki cike da Sir da Lady. Yaron da ke tsara aiki a kwamfuta bai taɓa ganin irin sa ba, ya ɗauka sunan mace ne aka yi kuskuren rubutawa, ya bi wuri bakwai ya gyara shi Ladi. Bugu mai launi huɗu faranti huɗu yake ci a kowane gefe, wato fallen da ake ƙona rubutu a kai a ɗora wa inji, takwas ke nan gaba da baya, kuma faranti in an ƙona shi ba ya gyaruwa. An buga, an naɗe, an ɗinke, an yanke baki. Daren Alhamis masu biki suka zo ɗauka. Ya roƙe su a manna 'yar takarda a kan wuraren bakwai, suka ce ba a bikin 'yarsu ba. Manni bakwai sau 1,000, ku lissafa. Ya sake faranti, ya ciyo bashin takarda, ya kwana biyu a kan inji da janareta, kuma aka ƙi biyansa cikon kuɗin wai ya makara. Ba wanda ya sa hannu a kwafin gwaji, don haka ba shi da bakin magana a ƙungiya balle a kotu. Yau injin yana hannun mai takarda.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Yaron fa?

Mai_Bugu_Kaduna:
An sallame shi, amma me sallama ta biya? Abin da ke ƙona min rai, mai aiki zai turo rubutu ta WhatsApp ƙarfe sha ɗaya na dare, ya ce "ka gyara duk inda ka ga kuskure", in ka gyara ka yi laifi, in ka bari ka yi laifi. Malam Sakatare, ka sa a fitar maka da kwafin gwaji ɗaya a takarda, kar ka yarda da hoto a waya, ka sa hannu da kwanan wata a kowane shafi. Shafi 8 ƙanana takardar A3 ɗaya ce gaba da baya a naɗe. Kwafi 300 bai kai a ƙona faranti ba, bugun DI za ka yi, wato kai tsaye daga kwamfuta zuwa inji, kamar naira 500 kowace takarda. Allon kuwa kar ka yi na roba mai kama da gilashi da ake sassaƙawa da leza, harafi ɗaya ya ɓaci an yar da shi. Yi na katako mai ɗan ƙarfe a manne, ƙarfen kaɗai ake sauyawa. Dubu 18 ya ishe ka.

Hajiya_Kwalliya:
Dubu 18 a wace kasuwa? Na katako mai kyau da akwatinsa bai kasa dubu 35 yanzu. Kuma DI gaba da baya a takarda mai sheƙi giram 135 ba ya yin ƙasa da 900. Sai in wadda ake ganin rubutun baya ta gaba kake nufi.

Mai_Bugu_Kaduna:
Hajiya, ke farashin masu shirya biki kike faɗa, da ladan dillanci a ciki.

Tafinta_Rediyo:
A bar cinikin, a koma kan tambaya. A ɗakin labarai ƙa'idar mai sauƙi ce: ana fassara muƙami, ba a fassara laƙabin da ke manne da suna. Kalmar nan aiki da yawa take yi, kowanne da Hausarsa. A ƙofar bayan gida, Mata. A buɗe taro, inda Bature ke haɗa ta da gentlemen, mu "jama'a" muke cewa, ko "iyayenmu maza da mata". In malami ya ce wa ɗaliba young lady yana ɗaure fuska, "ke yarinya" ce, faɗa ne. In Ba'amurke ya kira baƙuwa da kalmar ita kaɗai, ba suna, rashin ladabi ne, kamar "ke matar nan". Iron Lady da wata jaridar sojan Tarayyar Sobiyet ta laƙaba wa Margaret Thatcher ta Birtaniya a 1976 ba a ce mata matar ƙarfe, kallabi tsakanin rawuna ya fi isar da saƙon. Our Lady a sunan coci ko makaranta Maryamu mahaifiyar Annabi Isa ake nufi, kuma Fatima da ke sunan babban cocin Katolika na Kano gari ne a ƙasar Fotugal. A kotunanmu ma alƙali mace My Lord lauyoyi ke ce mata, mu kuma mu ce mai shari'a.

First Lady ita ce mai wuya. Mun saba cewa uwargidan shugaban ƙasa, amma uwargida a Hausa kishiyar amarya ce, tana nuna wadda ta riga shiga gida. In gwamna na da mata uku kuma ta tsakiya ce ke fita taro, ka ce uwargidan gwamna, ka tayar da rigima a gidan da ba naka ba. "Mai ɗakin gwamna" ko "matar gwamna" ta fi tsira. Ofishin ma babu shi a tsarin mulkin 1999. Maryam Babangida ce ta ba shi ƙarfi da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Aisha Buhari ta fara da matar shugaban ƙasa a 2015, sai a 2019 ta ce a koma kiran ta First Lady.

Don haka a rubuce, yadda Katikis ya ce. A lasifika mai gabatarwa ya ce "mahaifiyarmu, Ledi wance", sannan ya ƙara jimla ɗaya cewa laƙabin girmamawa ne daga cocinta.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan Nijar mun raba gardama tun tuni. Zamanin Issoufou Mahamadou matansa biyu, Aissata da Dakta Malika, duk Première dame ake ce musu, wato First Lady da Faransanci, kowacce da gidauniyarta. Ta farko har guda biyu, ba wanda ya ce lissafi bai fita ba.

Ɗan_Auta:
To Sardauna da Tafawa Balewa ai duk Sir ne. Cikin matansu wace ce Lady, ko kwana ake rabawa da ita?

Malamin_Turanci:
Tambayar wasa ce amma tana da ma'ana. Sardauna ya samu nasa a 1959, Tafawa Balewa a 1960, kuma ba a san iyalansu da wannan laƙabi a bakin mutanen Arewa ba, don tsarin an gina shi ne a kan mace ɗaya. Lambobin girman Najeriya da aka kafa da dokar 1964, irin su MON da OFR, ba sa ba kowa Sir. Shi ya sa nake nan a kan bakana. Malam Tafinta, ku 'yan rediyo sauri ke sa ku barin kalma yadda take, sai ku kira shi ƙa'ida. Takardar Hausa ce, a rubuta Hausa.

Tafinta_Rediyo:
Ranka ya daɗe, kai ɗalibai arba'in ke jin kuskurenka, mu jiha guda. In Bature ya gayyaci Magajin Gari ya rubuta masa Mayor, za ka yarda?

Katikis_Zonkwa:
Ku biyun kuna gardama a kan sunan mace da ba ɗayanku ya tambaya. Tana da waya.

BabanKhalifa:
To a sa Magajiya, ai sarauta ce ta mata.

Maman_Ilham:
Subhanallahi. BabanKhalifa don Allah ka ajiye wayar nan. Ka san abin da Magajiya ke nufi a bakin 'yan bariki, a Sabon Gari kuma?

Sakataren_Iyaye:
Na gode ƙwarai. Na kai wa kwamiti maganar Katikis, Hedimasta ya ce to a haɗa, "Uwargida Lady wance". Shugaban kwamiti ya ce maimaici ne. Na kira lambarta, jikarta ta ɗauka ta ce tana Onitsha sai Juma'a. Haɗawar laifi ce?

Tafinta_Rediyo:
Kafin wannan, duba kwafin gwajinka da kyau, shin ƙ da ɗ da ɓ sun fito? Abin da ya fi Lady ɓata takardun Hausa ke nan. Na sha ganin katin gayyata an buga "shugaban kasa", wato shugaban macizai. Ko "bikin yaye dalibai" da akwati fanko a wurin ɗ.

Mai_Bugu_Kaduna:
Nan ma mu za a ɗora wa laifi. Yawancin salon haruffan ado da masu aiki ke zaɓa ba su da masu lanƙwasa ko kaɗan. Ka rubuta a wayarka lafiya lau, a zuba a manhajar tsara bugu ta CorelDraw, salon ya rasa harafin, sai ya sa akwati ko ya aro daga wani salo, harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Yaro ya gani ya goge ya sa k. Maganinsa a zaɓi salon da ke da su, irin Charis ko Noto, a mai da rubutun zane da Ctrl+Q kafin a kai wa inji, a ajiye wani kwafin da ba a mayar ba don gyara.

Hajiya_Kwalliya:
Kuma ku caji ƙarin dubu 5 wai "aikin Hausa ne".

Mai_Bugu_Kaduna:
Saboda sai an bi shi harafi harafi Hajiya. Wanda ya ce kyauta zai yi miki, ki ƙirga ƙugiyoyin in ya kawo.

Ɗan_Maraɗi:
Ku da kuke da sauƙi. Mu har ƴ muke nema, a injin da aka saita da Faransanci.

Malamin_Turanci:
Wannan ƴ ɗin taku ma ai magana ce. Mu 'y muke rubutawa, kuma manhajar kwamfuta kullum sai ta juya waƙafin ya kalli baya. Wa ke da hanyar hana ta?