Ƙari a jikin kare ko kyanwa: wa ya taɓa gani?

Baban Yara, Rayfield: Salamu alaikum jama'a. Karen da ke mana gadi ne wani ƙari ya fito masa a haƙarƙari, yau ya kumbura, gobe ya sace. Ana ce mini in bari ya nuna a matse. Wanda ya taɓa cin karo da irin haka, don Allah ya ba mu labari.

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam Baba. Fara duba ko akwai ɗan rami a tsakiya. Da damina haka 'yan kwikwiyona suka cika da ƙuraje, ashe tsutsar ƙudan tumbu ce. Ƙudan kan yi ƙwai ne a yashin da fitsari ya jiƙa, ko a tsumman da karnuka ke kwana a kai. Na toshe ramukan da man Vaseline, tsutsar ta leƙo neman iska, na matso ta, fara sol. In babu rami, kar ka taɓa.

Hajiyar Tudun Wada: Tawa kyanwa ce fara. Bakin kunnuwanta ya yi ta yin ɓawo, ya warke ya dawo, kowa na cewa faɗa take yi da dare. Likitan dabbobi ya ce sankarar fata ce da rana ke jawowa, kuma fararen kyanwoyi ta fi kamawa, a kunne da hanci inda gashi bai da yawa. Sanyin Jos kan ruɗi mutum, alhali muna kan tudun da ya kai mita 1,200, rana ta fi cizo. An yanke bakin kunnuwan. Muninta sai wanda ya gani, amma tana nan tana kama ɓeranta.

Mafarauci: Ni karyata ce jini ke ɗiga mata ta baya ba lokacinsa ba, sai ga tsiro ja mai gargada, kamar farin kabeji. Wajen barbara ta ɗauko. Likita ya ce ƙwayoyin ƙarin ne da kansu ke tsallakawa daga kare zuwa kare. Allurar binkiristin, wani maganin sankara, aka riƙa yi mata ta jijiya mako-mako har ya narke, ba a ko yi tiyata ba. Masu sakin kare ya kwana yawo, ku ji.

Ɗalibin likitan dabbobi: Baba, wannan kumbura da sacewar ita ta fi damuna. Akwai ƙarin fata da ke haka a karnuka saboda sinadarin histamin da yake saki, matsa shi kuwa tsokano shi ne, kuma wani nau'insa kan bazu cikin jiki. Da ido ko likita ba ya bambance shi da kitsen da ke taruwa ƙarƙashin fata. A fara zuƙo ƙwayoyinsa da siririyar allura, a shafa a gilashi a duba a madubin likita. In an yanke, ka nemi kada a yar da naman. A sa shi cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10, a kai ɗakin gwaji. Ga Vom nan kusa da mu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana can tun 1924. Gwajin ne zai nuna ko an kwashe shi duka ko an bar saura a gefe.

Ɗan Bukuru: Malam, to in babu fomalin, a sa a firiza?

Ɗalibin likitan dabbobi: A'a yallaɓai, ƙanƙara kan farfasa ƙwayoyin, mai dubawa ya rasa abin karantawa. Tun kafin ranar tiyata a tambayi likitan ko ya tanadi kwalbar.