Neman shawara: ƙaramar kwamfuta za ta iya raba mana intanet a gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina wani ƙauye ne a gefen Ringim. Gidanmu gidan gandu ne, sassa huɗu, wayoyi sha ɗaya idan aka haɗa da ta Inna. MiFi ɗaya muke amfani da ita, 'yar na'urar nan mai cin layi da ke ba wayoyi intanet ta waifai, muna sa ta a leda mu ɗaure a saman rumbu, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa. Rana ta gasa ta har batirin ya kumbura, murfinta ma sai da kyauro yake zama. Datar wata guda kuma ba ta wuce kwana sha biyu, kowa ka tambaya sai ya rantse ba shi ba ne.

Ƙanina da ke karatu a Dutse ya bar mini wata 'yar kwamfuta, Raspberry Pi 4, ba ta wuce tafin hannu ba. Ya ce za ta iya zama rauta, wato na'urar da ke raba wa wayoyi intanet, har in riƙa ganin abin da kowace waya ta sha. Muna da sola da batir ɗaya mai bolt 12. Don Allah waɗanda suka sani, abin zai yiwu ko wahalar banza zan yi?

Mai gyaran waya, Gumel:
Wa alaikumus salam. Zai yiwu ɗan'uwa, na haɗa wa kaina. Amma ka riƙe wannan tukuna: Pi ba ta janyo sabis, kuma ba ta da wurin sa layi. Ita kamar mai rabon ruwa ce a bakin famfo, abin da ya zo shi za ta raba. Dole ka nemi modem na 4G irin wanda ake soka wa a USB, ka sa masa layin. Ka je Farm Centre a Kano ka nema, ka tabbata ba a kulle yake da kamfani ɗaya ba. Sai ka sayi doguwar wayar USB, kada ta wuce mita 5, ka ɗaga modem ɗin sama a cikin bututun roba da aka toshe samansa, ita kuma Pi ta zauna a inuwa.

Manhajar da za ka sa mata sunanta OpenWrt, kyauta ce, tun 2004 ake aikinta. A kan memori ake ɗora ta. A ciki sai ka ƙara nlbwmon, ita ce za ta nuna maka waya kaza ta sha kaza, sannan SQM, wadda ke hana mai kallon bidiyo ya danne kowa. Abin da ya ba ni wahala shi ne, ranar farko OpenWrt ba za ta gane modem ɗin ba sai an sauko mata da wasu ƙananan manhajoji, kuma saukowar tana buƙatar intanet. Ka bari ƙanin naka ya gama wannan a Dutse kafin ya kawo.

Mai haɗa sola, Haɗeja:
Malam, ni ta fannin wuta zan yi magana, don a nan mutane suke ƙona kayansu. Pi 4 tana so a ba ta bolt 5, amfiya 3. Kada ka kuskura ka jona ta kai tsaye da batir. Kada kuma ka kunna inbata dare da rana saboda ita kaɗai, inbatar sai ta fi ta cin wuta, tunda ita tsakanin wat 3 ne zuwa 7. Ka samu cajar mota mai kyau wadda ke ba da amfiya 3, ka haɗa da batirin, ka sa fis a tsakani. Idan ka ga jar fitilarta tana ƙiftawa ko ta mutu, wutar ce ba ta isa ba.

Sai zafi. Watan Afrilu da Mayu namu ka san yadda suke, ga rufin kwano. Da zarar cikinta ya kai digiri 80 za ta rage gudu da kanta. Ka sa mata gida mai ƙarfe ko 'yar fanka, da hunturu kuma ka riƙa hure mata ƙura. Ni memori biyu na yi asara saboda yara suna zare wayar wutar su sa cajinsu, yankewar wuta farat ɗaya kuwa tana lalata memori. Ka yi kwafin memorin a wani, ka ajiye a akwati.

Injiniya, Bichi:
Duk gaskiya suka faɗa, amma sun bar maka babban abu. Waifai ɗin da ke jikin Pi rauni gare shi, eriyarsa 'yar mitsitsiya ce. Katangar ƙasa mai kauri biyu ta isa ta cinye shi. Sassa huɗu ba za su samu ba. Ka nemi tsohuwar rauta mai ƙahonni, ko ta hannu ce, ka jona ta da Pi ta wayar intanet (kebul ɗin Ethernet), ka kashe mata rabon adireshi, wato ba kowace waya lambarta, don Pi ce za ta yi wannan, ka rataye ta a rumfar tsakar gida. Waifai zango biyu gare shi, 2.4 da 5 GHz; ka bar ta a 2.4, ya fi 5 ratsa bango.

Ni a ganina ma, da ba kyauta ka samu Pi ɗin ba, rauta mai cin layi zan ce ka saya ka huta. Tunda tana hannu kuma lissafin data kake nema, ci gaba.

Uwar gida, Kazaure:
Ƙanina, ni ban san na'ura ba amma na san gidan yawa. Ranar da ka ga sunan wanda ya fi sha, kada ka faɗa a tsakar gida. In matar yayanka ce fa? Ka fara zama da Baba da yayyenka, a yanke abin da kowane sashe zai samu da abin da zai biya, kafin ka kunna komai. Ta Inna kuma kada ka taɓa mata, ka bar ta ta ji wa'azinta.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Yaya, maganarki ta shige ni, wallahi ban yi wannan tunanin ba, yau bayan isha'i zan samu Baba. Na kira ƙanina, ya ce in aika masa Pi ɗin a motar ranar kasuwa. Malam na Haɗeja, daga batir zuwa rumfar ya kai taku talatin. In ja wayar bolt 12 ɗin zuwa can, ko in ajiye Pi kusa da batirin in ja wayar intanet?

Mai haɗa sola, Haɗeja:
Ja wayar intanet, ita har mita 100 tana kaiwa lafiya. Ita rautar ka duba bayanta, in bolt 12 aka rubuta sai ka ja mata waya mai kauri, siririya wuta take zubarwa a hanya.