Ɗana ya canza tun da ya shiga jami'a, ina tsoron cutar kansa

Wata uwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa 19. Da yana sakandare kullum yamma yana filin ƙwallo, ƙarfe goma ya yi barci. Yanzu sai kwana kan waya, lemon kwalba kamar ruwa, har teɓa ta fara leƙowa. Da ya zo hutu na ji wani ƙamshi a rigarsa, na tsare shi, wai "shisha ce kawai, Umma, ai ba sigari ba ce." Kansar huhu ce ta yi ajalin yayana. Yaro ɗanye haka har ya shiga haɗari?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, kansar huhu ba kasafai take kama ɗan shekara 19 ba. Matsalar ita ce abin da aka saba da shi yanzu, sai bayan shekara ashirin ko talatin illarsa take bayyana. A Amurka, kusan 9 cikin 10 na manyan da ke shan sigari kullum sun fara ɗanɗanawa ne kafin su wuce 18. Ita kuwa shisha taba ce, ruwan nan ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi a kai. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai kusan 70 masu jawo kansa. Amma wanda ya bari kafin shekara 30 ya tsallake kusan duk haɗarin mutuwar wuri da taba ke jawowa.

Wani uba: Ki yanke masa kuɗin kashewa kawai, zai dawo hayyacinsa.

Ɗalibi a ajin ƙarshe: Baba, a yi haƙuri, abokai ne za su saya masa, kuma daga ranar ya daina faɗa wa Umma gaskiya. Mu ba kansa muke tsoro ba, tana mana nisa. Umma, ki ce ya gwada buga minti 90 yanzu ya ji yadda numfashinsa zai yi.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiyar yaron nan. Kuma kar shisha ta ɗauke miki hankali daga teɓar. Ƙiba mai yawa tana da alaƙa da kansa iri 13, har da ta hanji da ta ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Sannan a gwada shi ciwon hanta nau'in B, in ba shi da shi kuma bai yi rigakafi ba, ya yi. Ciwon yana cikin manyan masu kawo kansar hanta.

Wata uwa: Allah Ya saka da alheri. Ƙanwarsa shekararta 13, ita fa?

Ma'aikaciyar jinya: Daidai lokacin allurar HPV ke nan, ta kariya daga kansar bakin mahaifa. Tsakanin shekara 9 zuwa 14 aka fi so a yi ta. Ki kai ta kafin hutun ya ƙare.