Zarton Baba yana cijewa a katako, ina na kuskure?

Ɗan Kafinta:
Assalamu alaikum. Na ciro zarton marigayi mahaifina daga ƙasan akwatin kayan aikinsa, tsatsa ta rufe shi ja wur. A jikin mariƙin akwai ɗan tambarin tagulla mai rubutun Disston. Na jiƙa shi da kananzir kwana biyu, na goge, ya yi fes. Sai na ɗauki magagari na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kaifi kam akwai, babban yatsana shaida ne. Amma da ya nutse a katako kamar inci biyu sai ya cije, ba gaba ba baya. In na matsa masa kuma sai ya bar layi ya karkata hagu.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Yaro, kayan kirki ka gada, kamfanin Disston ɗin nan a 1840 ya fara ƙera zarto a Filadelfiya ta Amurka.

Cijewar ba rashin kaifi ba ce. Ɗaga zarton saitin idonka ka dubi haƙoran a tsaye. Kamata ya yi wannan ya ɗan kauce dama, na bayansa hagu, don hanyar da suke buɗewa ta fi kaurin ƙarfen faɗi. Naka sun miƙe. Akwai ɗan abin lanƙwasa su mai kama da filaya. Kan haƙorin kawai za ka lanƙwasa, kada ka wuce rabinsa, tsohon ƙarfe ɓallewa yake.

Kafin wannan ma, matse zarton tsakanin katako biyu, haƙora kaɗai a waje. Ja shimfiɗaɗɗen magagari bisa kansu sau biyu ko uku, har kowanne ya sami ɗan tabo mai ƙyalli. Sannan ka koma da mai kusurwa uku, kana gogawa har tabon ya ɓace, ka tsaya nan. In zarton na tsaga katako ne a tsawonsa, magagari ya tsaya sak a gicciye. In kuma zarton na yanke katako ne a faɗinsa, karkata magagarin kamar digiri 20, ka riƙa tsallake haƙori ɗaya, ka juya zarton ka ƙarasa.

Mai Kujeru:
Karkatar hagun nan, ɓangaren hagu ne ya fi fitowa. Shafa dutsen wasa a gefen sau ɗaya, ka gwada. Ni da kyandir nake murza jikin nawa kafin aiki.

Ɗan Kafinta:
Baba Tsohon Hannu, na gode, Allah ya ƙara girma. Na ja magagarin a sama yanzu, haƙora bakwai ko taɓa su bai yi ba. Ashe ni na gajarta su da hannuna. In ci gaba da ja har sai ya kai gare su?

Tsohon Hannu:
A'a, za ka cinye ƙarfen a banza. Bar su, ba sa yanka amma ba sa ɓata aiki. Wasawa biyu ko uku nan gaba sauran za su sauko su tarar da su.