Injin markaɗe ya cinye min sauti: in sake ɗauka ko in ɗora murya?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kaina ya kulle.

Watan jiya na gama ɗaukar fim ɗina na farko. Gajere ne, minti 25, labarin wata tsohuwa da jikanta a kan gonar gado. A wani ƙauye can bayan Kura muka yi kwana huɗu, mu tara har da direba. Babur ɗina na sayar, yayata ta ranta min cikon, saboda haka ni ne furodusa, ni ne darakta, ni ne mai sayo ruwan leda. Kyamara da fitila biyu da ɗan janareta duk haya muka ɗauko a Zoo Road.

Hoto kam sai godiyar Allah. Amma shekaranjiya da muka zauna da edita, yana sa abin sauraro a kunne sai na ga ya zare shi ya zuba min ido. Sin ɗin, wato fitowar da fim ɗin ya rataya a kanta, inda tsohuwar ke bakin murhu tana ba yaron labarin ranar da aka binne kakansa, tun daga farko har ƙarshe injin markaɗen maƙwabta ne ke ta gurnani a ƙarƙashin maganarta. Wallahi a lokacin ban ji shi ba. Hankalina yana kan ranar da ke shirin faɗuwa da hawayen matar nan, na gaske, ba wanda ya shafa mata Robb. Makirfon kan kyamara muka dogara da shi, don wanda ya yi alkawarin kawo na sanda ya kashe wayarsa tun daren tafiya.

Abin da ya rage a hannuna bai wuce na aikin yini ɗaya ba. In koma in sake ɗauka, ko in kawo ta cikin gari ta ɗora murya?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da shigowa, kowa da irin wannan ya yi kuka. Tun zamanin kaset nake wannan zaman, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke cewa fim ya yi ko bai yi ba, kuma abin da na lura shi ne mutanenmu za su haƙura da hoto mai duhu, amma da zarar sun kasa jin magana sun tashi.

Kada editanka ya ɓata maka kwana uku a kan wanke sautin. Da ƙarar janareta ce, wadda ke tafiya a murya ɗaya, ko Audacity, manhajar gyaran sauti ta kyauta, za ta rage ta. Injin markaɗe kuwa sauka yake yana hawa, in an zuba masa hatsi ya shaƙe, in ya cinye ya saki. Kana matsa masa muryar tsohuwar za ta koma kamar daga cikin randa take magana.

Situdiyo kuma kada ka kai ta. Matar da ba ta saba ba, ka sa ta gaban gilashi ka ce ta bi leɓenta, karatu za ta yi maka irin na allo. Ka ɗauki rikoda, ko waya mai kyau da ƙaramin makirfon maƙalawa, ka koma gidan nan, bakin murhun nan, bayan sallar asuba kafin gari ya waye da hayaniya. Ka kunna mata jimla ɗaya ta ji, ta maimaita sau uku ko huɗu, ku wuce ta gaba. In kun gama kowa ya yi tsit, ka naɗi shirun tsakar gidan na minti ɗaya ko biyu, da ƙarar itace a wuta da tafiyar kaji. Shi edita zai shimfiɗa a ƙasa ya ɗinke maganar. Inda baki bai hau ba, ya yanka zuwa fuskar yaron ko hannunta a kan muciya. Ina fata dai kun ɗauki irin waɗannan ƙananan hotunan.

Maman Hanan:
Ni kontiniti nake yi, wato lura da cewa kaya da wuri ba su canja ba tsakanin ɗauka da ɗauka, kuma ina bayan Baba Edita. Sake ɗauka ba zama ɗaya ba ne kamar yadda kake zato. Wata guda ya wuce. Dawar da ke leƙowa ta saman katanga an girbe ta, hazo ya sauko, hasken yamma ya canja. Yaron ma wa ya sani ko an yi masa aski? Na taɓa zuwa wani aiki aka koma cike sin bayan sati biyu, jarumar ta kyautar da mayafin da ta sa, muka wuni a Kantin Kwari muna neman irinsa, aka ƙare da mai kama da shi. Har yau in na kalli wurin sai ya tsone min ido. Ka riƙa ɗaukar kowane ɗan wasa a waya kafin a ce akshin, daga ɗankwali har takalmi.

Sannan don Allah, hotunan nan a wuri nawa ka ajiye su? In a hadis (hard disk, ma'ajiyar kwamfuta) ɗaya ne, yau ɗin nan ka kwafa a na biyu.

Sarkin Fitila:
Ni dai da ni ne zan sake ɗauka, muryar da aka ɗora ko yaya sai an gane. Amma kai da aljihunka. Abin da zan tuna maka daban ne: ka ware kuɗin kai fim ɗin Hukumar Tace Fina-finai ta Kano. Tun 2001 take, kuma kada ka ce ai YouTube zan saka, a 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango da dama kan rashin kai mata su ta duba. YouTube ɗin ma ba ya fara biyan kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, don haka ka gaya wa yayarka ta ƙara haƙuri.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, kin tsorata ni, a hadis ɗaya suke, na tura ƙanena ya aro na abokinsa. Yaron kuma kin canka, tal kwabo aka yi masa ranar Juma'a.

Baba, ƙananan hotunan muna da su kaɗan: hannunta, hayaƙi, da wani tsohon buzu da ke rataye a bango. Na kira ɗan tsohuwar ɗazu ya miƙa mata wayar. Ta ce in zo ranar Lahadi in kwana, amma in sani ita ba za ta yi kuka sau biyu a kan mutum ɗaya ba. Ta kuma ce in taho mata da goro fari, wancan da na kai ja ne.