Giɓi ya daɗe, turmin baya ya kwanta: waya za a fara ko dashe?

Mai buɗe zance, Makka

Assalamu alaikum. Wannan matsala ta yi yawa a cikin mutanenmu na nan. Mutum ya cire turmin ƙasa na farko shekara biyar ko goma da suka wuce, bai cike giɓin ba. Yanzu ya tara kuɗi ya je a yi masa dashe, wato a kafa masa sabon haƙori a cikin ƙashi, likita ya duba hoto ya ce wuri ya matse, sai an fara sa wayar daidaita haƙora, wato takwim. Waɗanda ke cikin aikin, don Allah ku faɗi abin da kuke gani a asibitocinku.

Likitar daidaita haƙora, Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Likitan nan gaskiya ya faɗa. Turmi na farko yana fitowa ne tun yaro na shekara 6, shi ya sa ya fi saurin lalacewa. Idan aka cire shi, turmi na biyu sai ya riƙa kishingiɗowa gaba a hankali, na sama kuma ya zubo ƙasa don ba shi da abokin cizo. A gefen da haƙorin ya kwanta sai wani lungu ya samu tsakaninsa da dasashi, abinci ya riƙa maƙalewa, ƙashi ya fara zaizayewa.

Abin da ya sa ake fara waya: haƙorin Allah yana da siririyar jijiya tsakanin saiwarsa da ƙashi, ita ce ke ba shi damar matsawa idan an ja shi. Dashe ƙusa ce ta titaniyom da ƙashi ke kamawa kai tsaye, ba ta motsi ko an shekara ana ja. Inda aka kafa ta, nan za ta zauna. Idan aka kafa ta a matsattsen wuri, an rufe ƙofar gyara.

Miƙar da turmi ɗaya yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara, ana zuwa duk sati 4 zuwa 6. Ba lallai a sa waya a baki duka ba. Sau da yawa ƙaramar ƙusa ta wucin gadi, mai kauri kamar milimita 1.5, tsawo 6 zuwa 10, ta isa a jingina da ita a tayar da haƙorin, a cire ta bayan an gama. Matsalar da ta fi faruwa: haƙori in yana miƙewa yana ɗagowa sama, sai ya riga sauran haɗuwa da na sama, mutum ya ji kamar yana tauna tsakuwa. Dole a riƙa danna shi yayin miƙarwar, ko a goge samansa kaɗan. Idan turmi na uku na can ƙurya ya tokare bayansa, galibi sai an cire shi tukuna.

Likitan tiyatar baki, Riyad

Hajiya Dakta ta gama magana, zan ƙara ma'auni. Dashen da aka fi amfani da shi kaurinsa kusan milimita 4 ne, kuma ana so a bar aƙalla 1.5 tsakaninsa da saiwar kowane maƙwabci. Ke nan ƙasa da milimita 7 ba wuri ba ne. Tsakanin dashe da dashe kuwa 3.

Ga kuskuren da ya fi ba ni takaici: a dubi baki a ga giɓi ya buɗe, a cire waya, alhali kawunan haƙoran ne kawai suka rabu, saiwoyin suna nan a sunkuye cikin wurin dashen. Kada a cire waya sai an ɗauki hoto, likitan tiyata ya ga saiwoyin sun tsaya a jere. Hoton CBCT, wanda ke ɗaukar ƙashi ta kowace fuska, shi ke nuna faɗin ƙashi da inda jijiyar muƙamuƙin ƙasa ta bi, ana barin milimita 2 tsakaninta da ƙusa. Taɓa ta na jawo mutuwar leɓe. Giɓin da ya daɗe ƙashinsa ya sirance, wani lokaci sai an ƙara ƙashi, wanda ke ƙara watanni. Bayan kafawa, na ƙasa kan jira wata 2 zuwa 3 kafin a ɗora kai, wato haƙorin da aka ƙera, na sama 3 zuwa 6.

Mai haɗa haƙora a ɗakin aiki, Madina

Ranka ya daɗe, mu ma muna ganin sakamakon a kan tebur. Awo ya zo, ka ga turmin baya a karkace, sai ka ƙera kai siriri a ƙasa, mai faɗi a sama, da rami mai kusurwa uku a gefe. Nan nama da ɓawon dabino za su riƙa shiga har dasashi ya kumbura. Haka idan na sama ya zubo: ana buƙatar tsayi kamar milimita 7 don kan ya zauna da ƙarfi, in babu sai ya fito gajere yana kwancewa.

Ma'aikaciyar asibitin haƙori, Makka

Yayyena, akwai abin da ba a faɗa ba. Tsakanin cire waya da ɗora kan dashe, haƙori na komawa inda ya fito cikin 'yan makonni. Dole a liƙa guntuwar waya ta riƙe giɓin, ko roba mai haƙorin wucin gadi a ciki. Masu tafiya gida hutun wata uku su faɗa tun farko a tsara ranakun, kada a bar ƙarfe yana ja ba mai dubawa.

Mai ciwon suga ya daidaita shi kafin tiyata. Sigari, shisha da shamma, wato garin taba na sawa a baki, suna iya hana ƙashi kama ƙusa. Ciwon dasashi kuma a warkar da shi kafin waya ta shiga baki. Asawaki bai isa ƙarƙashin waya ba, a nemi ɗan siririn buroshin nan na tsakanin haƙora.

Likitar daidaita haƙora, Jidda

Wata ta tambaye ni a gefe game da ɗanta mai shekara 15 da ke da irin wannan matsalar, ko za a yi masa dashe yanzu. Hajiya, a miƙar da haƙorin yanzu, a riƙe masa wurin, amma dashe sai muƙamuƙi ya gama girma, daga shekara 18 zuwa sama, maza kan fi jinkiri. In aka yi da wuri, sauran haƙora za su ci gaba da fitowa su bar dashen a nutse.