Me ya sa harsashin 'yan gasar harbi ba shi da tsini?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. A teburin mai shayi wani yaro ya nuna mana bidiyon Baturken nan Yusuf Dikeç, wanda ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024 hannu ɗaya cikin aljihu. Sai aka ce wai harsashinsa kai a shafe yake. Ni dai a ganina mai tsini ya fi tafiya saiti. Masana, ina gaskiyar take?

Malamin Kimiyya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Tasa bindigar iska ce, nisan mita 10, tana harba 'yar dalma mai faɗin milimita 4.5. Shafaffen kai yana huda takarda tsaf ba yagewa, alƙalai su san maki ba gardama, domin da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Tsini amfaninsa tsaga iska a dogon zango. A mita 10 ko 25 me iska za ta yi?

Mutane kai suke kallo, alhali aikin a gindi yake. Cikin bututun akwai zane a murɗe da ke sa harsashi juyawa kamar katantanwar yara, juyawar ce ke hana shi tuntsurawa. A bindiga mai albarushi, in gindin ya lotse gefe guda, hayaƙin albarushin zai riga fita ta nan ya ture shi tun daga bakin bindiga. Shi ya sa harsashin gasa na .38 (lambar kaurin harsashi ke nan) ake yi masa rami a gindi: matsi ya buɗa dalmar ta kama zanen sosai.

Tsohon Soja, Ojo:
Malam ya yi bayani, amma bari in ƙara da abin da ido ya gani. A ƙaramar bindiga, harsashi mai nauyi sama yake sauka fiye da marar nauyi, saboda yana jinkiri a bututu har baki ya fara ɗagawa. Ko harsashi mai kaurin milimita 9 ma nauyinsa kala-kala ne. Ka gauraya su a zubi ɗaya, ka ga warwatse. Sai dai, ɗana, kurtun da ke fizgar kunama ko wane harsashi ka ba shi gefe zai aika.

Ɗan Agege:
Baba, ke nan mai gudu bai fi ba?

Malamin Kimiyya, Idi-Araba:
A gasa, a'a. Ƙaramin harsashi na .22 da suke harbawa da gangan ake rage masa gudu ƙasa da na sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa. Abin da suke biya da tsada shi ne kowane ɗaya ya zama daidai da ɗan'uwansa a nauyi da albarushi.

Tsohon Soja, Ojo:
Kuma samari, kada sha'awa ta ɗebe ku. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattu, lasisinta sai da izinin shugaban ƙasa. Harsashi ɗaya a aljihu ba takarda ya isa ya kai mutum gidan yarin Kirikiri.